Talabijin ɗin Baba Lado

"Sake dannawa," in ji Inna Habsu.

Na sake danna makunnin. Ko ɗan jan hasken nan na ƙasan gilashin bai kawo ba.

A bayana Baba Lado yana kwance a kan katifa, an tokare masa baya da matashin kai. Ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi. Makon jiya aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce ƙodar ta gaji, a koma gida a yi ta addu'a. Katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nasu a Anka, ni kuma gyaran rediyo da talabijin ne sana'ata. Shi ya sa ana idar da azahar matarsa, Inna Habsu, ta leƙo da kanta, ta ce in zo da kayan aiki.

"Sufyanu," ya ce, muryar can ƙasa. "Bayan la'asar sunka ce za a nuna."

"Na ji, Baba. Za ya tashi, in Allah ya yarda."

'Yarsu Lubabatu za a nuna. Ta kai zagayen ƙarshe a musabaƙar Alƙur'ani ta jiha a Gusau, kuma kai tsaye za a haska. Da jikinsa ya rikice an so a ɗauko ta, amma hanya ba ta biyuwa kwanakin nan, shi ma da kansa ya hana. Waya kuwa tun shekaranjiya babu sabis.

Na fara da batirin sola da ke bayan ƙofa. Na ɗora masa mita, cike yake. Na bi wayar wutar da yatsa tun daga batir har jikin talabijin ko ɓera ya ci, lafiyarta ƙalau. Na so a ce matsalar ta tsaya a waje.

"Inna, jiya da anka yi tsawa, a jone yake?"

Ta ce, "Hankalina na ga Malam."

Na kifa talabijin ɗin a kan tabarma na kwance bayansa. Ƙaurin ƙuna ne ya fara tarbata. Fis ya tsinke. Na ciro sabo na saka, na jona wuta. Sai ji na yi ƙas! Shi ma ya tafi. Nan na san akwai abin da ya ƙone a ciki yake haɗa wuta. Na bi kayan da ke kan allon wutar cikinsa ɗaya bayan ɗaya da tsinken mita, gumi na ɗiga daga haɓata. Can na same su: wani ɗan baƙin abu mai ƙafa biyu da ke tace wuta ya mutu, kusa da shi kuma kwandensa, 'yar gwangwanin nan mai tara wuta, ta kumbura kamar ƙwai ya lalace. Ko ɗaya ba ni da irinsu a jaka, shagona kuwa yana can bakin kasuwa.

Na faɗa gida da gudu, na sauke namu talabijin ɗin daga bango. Namu ba ya aiki da batir, wutar lantarki kuwa an ɗauke, amma kayan cikinsa za su yi. Matata Sahura ta bi ni da ido, ta riƙe mini ƙofa.

Ina dawowa na jona ƙarfen narka dalma a batir. Da ya yi zafi na taɓa zaren dalmar da shi, ɗan farin hayaƙi ya tashi.

"Mi na na wanga?" Inna Habsu ta miƙe tsaye.

"Dalma ta, Inna. Da ita ake like..."

"Fid da ita! Ba ta shiga ɗakina."

Na janye ƙarfen. Na manta. Mutanen Dareta ne su. A tsakar gidansu na can Baba Lado yake niƙa dutsen zinariya, shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗibar yara. 'Ya'yansu biyu suka binne. Lubabatu tana goye a lokacin, ta sha jijjiga, ta daɗe ba ta yi magana ba, har mutane suka ce ba za ta taɓa riƙe karatu ba. Bayan nan ne suka dawo Anka, ya koma noman gero, bai ƙara taɓa dutse ba.

"Habsu," in ji shi. "Ƙyale shi."

"Ba ni ƙyalewa, Malam."

Na kwashi allunan biyu, namu da nasu, na fita tsakar gida, na tsuguna a ƙarƙashin darbejiya, nesa da randa da turmi. Ina cire kayan namu ina dasawa a nasu ladan ya kira la'asar. Garin sauri, ɗigon dalma ya haɗe ƙafafu biyu da bai kamata su haɗu ba, sai da na kankare na sake. Daga ɗaki ina jin numfashin Baba Lado, ya ja da ƙarfi, ya tsaya, har sai na ɗaga kai, sannan ya dawo.

Na wanke hannu da sabulu a gaban Inna Habsu kafin ta bar ni na shiga. Fis na ƙarshe ke nan a jakata. Na saka, na yi bisimilla, na jona.

Jan hasken ya kawo.

Na danna. Sai ga muryar wani mutum ta cika ɗakin, yana kiran sunan wata yarinya daga Gummi. Amma gilashin yana nan baƙi ƙirin. Fitilun da ke haska shi ta ciki su ma tsawar ta cinye su, kuma wannan ba aikin yini ɗaya ba ne.

"Ban ganin komi," in ji Baba Lado. "Ko idona na?"

"Ba idonka ba na, Baba."

Yarinyar Gummi ta gama. Aka kira wata daga Bukkuyum. Inna Habsu ta zauna a gefen katifa tana shafa masa ruwa a leɓe. Ni kuwa na ciro wayata na kunna fitilarta, na manna a jikin gilashin, yadda muke yi a shago idan muna son sanin ko hoto na nan da rai. Yana nan. Dishi-dishi, iyakar inda hasken ya sauka, faɗin tafin hannu.

Na jawo teburin har bakin katifa, na rufe taga, na saki labulen ƙofa.

"Lubabatu Lado, daga Anka."

Na yi ta yawo da hasken a kan gilashin, na wuce teburin alƙalai, na wuce wata tukunyar fure, har na samo fuskarta a cikin farin hijabi. Alƙali ya ja mata farkon aya, ta karɓa. Muryar ta fito garau. Baba Lado ya yunƙura, Inna Habsu ta tallabe masa kai.

A tsakiyar karatu Lubabatu ta tsaya. Aka buga ƙararrawa. Na ga leɓunan Baba Lado suna motsi, yana ba ta kalmar da ta ɓace mata. Ta lumshe ido, ta koma baya kaɗan, ta ɗauko, ta wuce.

"Ɗiyata," ya ce.

Inna Habsu ta sunkuya tana yi masa kalmar shahada a kunne. Ya amsa, a hankali. Ban juya ba, don in na juya hasken zai goce daga fuskar. Na ji numfashin ya ja, ya tsaya. Na jira ya dawo.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna Habsu. Ta shafe masa idanu, ta ja zane ta rufe shi. Na fara sauke hannuna.

"Bari ta ida," ta ce.

Na mai da hasken. A cikin 'yar da'irar nan Lubabatu ta kai ayar ƙarshe, ta gyara bakin hijabinta, ta miƙe, tana duban ƙasa kada ta taka wayar lasifika.