Itacen Kawu Sakiusa

Ƙanena Etuate shi ya gaji wajen gyaran jiragen ruwa na mahaifinmu a garin Levuka da ke bakin teku, ya gaji hannunsa, ya kuma haɗa da girman kansa. Mahaifinmu Bature ne, mahaifiyarmu kuwa 'yar ƙauye ce daga bayan tsibiri. Tun da aka binne ta Etuate bai sake taka ƙauyen ba. Idan danginta suka shigo gari da doya, sai aiki ya yi masa yawa. Ni nake tarbarsu ta ƙofar baya, ina jin kunya kamar in nutse.

A shekarar da busasshiyar kwakwa ta yi daraja, wani Bajamushe mai sayenta yana aikawa birnin Sidni ya kawo wa Etuate babban jirginsa gyara. Da aka jawo shi tudu, sai aka ga tsutsar ruwa ta cinye dogon katakon ƙasa, wanda shi ne ƙashin bayan jirgi. Bajamushen ya ce in ba a gama kafin damina ba zai kai aikin garin Suva, kuma kowa ya san sauran 'yan kasuwa za su bi shi. Katakon da ke gari duk gajeru ne. Itacen vesi mai wannan tsawo babu shi sai a dajin Kawu Sakiusa, yayan mahaifiyarmu.

Etuate ya same ni a kicin yana sosa ƙeya.

"Yaya, za ki raka ni ƙauye?"

Na ce, "Au, ashe ka san hanya?"

Muka tafi. Kawu ya shimfiɗa mana tabarma, aka dama yaqona, abin shan da ake tarbar baƙo da shi, aka sha, aka kawo kifi da gwaza. Bai yi masa gori ko ɗaya ba, sai kallonsa yake yi, don Etuate fuskar mahaifiyarmu ya kwaso. Ana cikin haka wawan nan ya zaro jakar kuɗi ya ajiye a gaban tsohon.

"Kawu, itace nake so in saya. Ka faɗi farashinka."

Kawu ya dubi jakar, ya juya mana baya, ya ce wa bango, "Na ɗauka ɗan ƙanwata ne ya zo. Ashe baƙo muka yi. Ku gaya wa baƙon ba ma sayar da itace."

Na ja Etuate waje, raina a ɓace. Ya ce, "Me na yi kuma? Ko in ƙara ne?"

"Ƙara me? Kai vasu ne a garin nan, ɗan 'yarsu! Duk abin da kawunka ya mallaka, in ka ga dama ka ɗauka, babu mai cewa uffan. Ba a saye, ba a ma roƙo. Da ka ajiye kuɗin nan, cewa ka yi uwarka ba tasu ba ce."

Idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce, "Shekara nawa ban leƙo su ba, Yaya. Da wane ido zan ɗaukar musu kaya?"

Na ce, "Da idon da ka zo da shi. Ga gatari can."

Ya ɗauki gatarin Kawu a gefen ɗaki ba tare da ya tambayi kowa ba, ya hau tudu. Mutanen gari suka bi shi a baya. Ya wuce itatuwa masu kyau da dama, don idon mahaifinmu ne da shi, sai da ya kai ga wani miƙaƙƙe wanda ba shi da ko reshe har sama. Wata mata ta riƙe baki, domin shi ne Kawu ya daɗe yana tanadi don kwalekwalensa. Etuate ya ɗaga gatari ya sara.

Sai ga Kawu yana hawowa da sanda, yana ihu. "Wayyo, ya cuce ni! Jama'a ku zo ku ga ɓarawo! Duk dajin nan bai ga na ɗauka ba sai mafi kyau!" Yana ihun yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya juya ga samari ya ce, "Me kuke kallo? Za ku bar vasu ya sare shi kaɗai?"

Vesi nauyi gare shi, ba ya tashi a ruwa, don haka suka ɗaure shi a kan tulin sandunan gora masu yawo a kan ruwa suka zagayo da shi ta teku. Ranar da suka iso Levuka, masu shaguna duk sun fito bakin titi. Mazan ƙauyenmu suka jawo shi tudu da igiya suna waƙa, Etuate a gaba, kafaɗarsa na gogar ta Kawu. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Bajamushen ya zagaya itacen, ya ƙwanƙwasa shi, ya gyaɗa kai.

"Wannan zai fi ni daɗewa. A ina ka saye shi? Su wane ne waɗannan, 'yan ƙodago ka ɗauko?"

Etuate ya share gumi, ya ɗaga murya yadda duk Turawan da ke tsaye za su ji.

"Ba saye na yi ba. Wannan kawuna ne, waɗannan dangin uwata ne. A gidana za su sauka."