Ƙofar Kwali

Ila ɗan farina ne. A wurinmu uba ba ya zama ya yi hira da ɗan fari, ko sunansa bakina bai saba da shi ba. Abin da nake son ya ji, uwata Tata nake faɗa wa, ita ta kai masa. Shekara ishirin muna haka a ƙauyenmu kusa da Gangara, ban taɓa ganin aibin abin ba.

A kakar 1965 ya raka gyaɗa Damagaram cikin kamyo, babbar motar kaya, ya shiga sinima. Da ya dawo sai ya naɗe takalminsa da tsirkiyar fata har gwiwa, ya riƙa shafe ƙirji da man gyaɗa. Ya ɗaga turmi, ya ɗaga jakin maƙwabci, samari suna ta ihu. Ta bayan zana nake jin shi yana ba su labari.

"Ƙaton Bature ne, daga shi sai ɗan banten fata. Sarki ya kulle bayi cikin birni. Shi kaɗai ya sa kafaɗa ya ɗaga ƙofar dutse, mutum ɗari suka wuce ta ƙarƙashinta!"

Daga nan ya rantse a gaban jama'a cewa ranar da za a ɗora jinkar rumbun wani mutumin ƙauyenmu, Mato, shi kaɗai zai ɗauke ta. Jinkar nan mutum goma sha biyu ke kama ta, kowa da gefensa, su ma suna nishi. Hankalina ya tashi, abinci ya daina shiga mini.

Na hau kamyo na tafi Damagaram wurin yayana Amadu, tsohon sojan Faransa. Na ce ya kai ni in ga abin da ya shiga kan yaron. Irin fim ɗin muka tarar, na mutanen Italiya: takubba gajeru, dawakai da keken yaƙi, ga ƙaton yana jifan sojoji da duwatsu kamar tulu. Ban ji Faransancin da aka juya fim ɗin da shi ba, amma na gaskata abin da idona ya gani. Amadu kuwa dariya yake yi har da hawaye.

"Manzo, kai ma ka yarda? Kwali ne aka shafa wa fenti! Dubi yadda dutsen ke tsalle in ya faɗi. Ko kai za ka ɗauke shi da hannun hagu."

Na duba da kyau. Wallahi tsalle yake yi.

Na iso gida saura kwana biyu a ɗora jinkar. Na tarar da Ila a bakin zaure yana gyaran igiya. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe, na wuce. Maganar tana bakina. Na kai ta ɗakin Tata, na maimaita mata har sau uku.

Abin da ban tuna ba shi ne, tsakanin kaka da jika ba a magana sai da wasa. Ina jin su ta zana.

"Kai mijin banza, zo nan. An ce Baturenka kwali ya ɗaga."

"Kishi kike yi, tsohuwa. Ke ma in ɗaga ki in ɗora kan rumbu?"

"Da gaske nake, ragon miji. Kwali ne da fenti."

"To ki dama mini fura mai kauri, ranar ki sha kallo."

Su biyu suka fashe da dariya. Na ce a raina saƙo ya isa. Na so in yarda da haka, shi ya sa na yarda.

Ranar, da hantsi, mutane suka kama jinkar suka ɗaga, Ila ya shiga ƙarƙashi ya sa kafaɗa a gicciyen itacen. Ya ce a saki. Suka dube ni. Uba ba ya nuna damuwa da ɗan fari a gaban jama'a, sai na dubi ƙasa. Suka saki.

Ya yi taki uku. A na huɗu ƙafarsa ta nutse cikin rairayi, na ji wani sauti kamar karyewar kara.

Mai ɗori ya zo, ya shafa bayan Ila, ya tattara kayansa ya tafi. Likitan Tanut kuwa ya soka masa allura a tafin ƙafa, Ila bai ji ba.

Bayan sati biyu na ɗaga asabarin ɗakinsa na shiga. Uwarsa Raishatu ta tashi da sauri ta fita. Na zauna a bakin tabarmar, na faɗa masa duk abin da na gani a Damagaram, da bakina.

Ya juyo da ido ya dube ni.

"Baba, ashe da gaske Tata take?"

"Da gaske."

"Shi Baturen, ko ciwon kafaɗa bai yi ba ke nan."

Na ce bai yi ba. Ya so ya juya ya fuskanci bango, ya kasa. Na sa hannu na juya shi.