Ƙofar Ivo

Ermes Gavioli ya shafa jikin motar da tafin hannu, tun daga fitilar gaba har ƙofar dama, sai ya tsaya cak. Ya koma ya sake shafawa, wannan karon ido a rufe. Nan take ransa ya ɓaci.

"Wa ya taɓa motar nan?"

Masu jera kujeru suka ɗago kai. Saura awa guda a buɗe zauren, 'yan jarida da attajirai su shigo su ga kamfanin Corghini ya dawo bayan shekara arba'in a rufe. Sababbin masu shi sun sayi sunan, sun sayi tambarin, sun kuma nemo wannan jar motar ƙirar 1963 don ta tsaya kusa da sabuwar da suka ƙera. Shi kuwa Ermes, mai shekara tamanin da huɗu, sun ɗauko shi daga gida, sun sa masa rigar aiki sabuwa fil wadda ba ta san baƙin mai ba, wai ya riƙe guduma a ɗauki hoto. Shi kaɗai ya rage a birnin Modena cikin waɗanda suka ƙera jikin motocin Corghini da hannu.

"Na ce wa ya taɓa ta? Ko duk kurame ne?"

Injiniya Ludovica Setti, shugabar aikin, ta taho da sauri tana murmushi, tana kiransa Maestro, wato babban gwani. Jikarsa ma ta girme ta.

"Maestro, ashe kun gane! Dama na ce hannunku ya fi na'urarmu. Ai albishir nake shirin yi muku."

"Ajiye albishir ɗinki. Wannan ba ƙofar Ivo ba ce."

A zamaninsu mutum biyu ke ƙera jikin kowace mota, a kan kututture, da guduma da jakar yashi. Ɗaya ya ɗauki hagu, ɗaya ya ɗauki dama. Ermes ne na hagu, Ivo Malagoli na dama, shekara ashirin da biyu suna kallon juna ta saman mota guda. Ivo bahago ne, ga taurin kai, kuma ƙofarsa kullum sai ta ɗan fi ta Ermes kumburi. Ermes ya sa mata suna tumbin Ivo. Shi kuwa Ivo cewa yake a dama mace ke zama, dole a bar wa gwiwar hannunta wuri, da ta matarsa Nerina ma ya gwada. Ermes ya ce wannan hujjar wanda bai iya awo ba ce. Da wannan faɗan suka aurar da 'ya'ya, da shi suka yi karta kowace Lahadi, da shi suka rabu a asibiti shekara uku da suka wuce.

"Mun auna motar gaba ɗaya da na'ura," in ji Ludovica. "Sai muka ga ɓangarorin ba su yi daidai ba, milimita goma sha ɗaya ne tsakani. Muka ɗauko zanen asali, naku ne ya dace da shi cif. Shi ne muka kwafi naku muka juya shi, muka gyara na daman. Sabuwar motar ma a kan naku muka gina ta, hagu da dama. Maestro, ku ne Corghini yanzu."

Shekara sittin Ermes yana jiran wani ya faɗi wannan magana. Da Ivo na nan, da sai ya sa ta maimaita sau uku a gabansa, da sai ya sayi giya wa kowa a mashaya. Ga shi an faɗa, kuma abin da yake ji kawai shi ne ya ɗaga gudumar nan ya sauke ta a kan gilashin motar.

"Kun gyara? Wa ya ce muku ta lalace?"

"Masu saye suna duba irin wannan, Maestro. Kuskure ne na…"

"Kuskuren wa? Ke kin taɓa riƙe guduma? Mutumin nan yana iya fitar da ƙwai daga farantin ƙarfe ido a rufe! Kina tsammanin mota ɗari biyu da goma ya ƙera, kowace da milimita goma sha ɗaya, ba sha biyu ba, ba goma ba, duk bisa kuskure? Da gangan yake yi, yarinya!"

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Bai taɓa faɗin haka ga kowa ba, balle ga Ivo. Haushi ya ƙara kama shi, na yarinyar, da na na'urarta, da na Ivo da ya mutu ya bar shi da kare masa mutunci.

"Ina tsohuwar ƙofar?"

Ludovica ta kalli wani mai gemu da ke riƙe da waya. Ya sosa ƙeya.

"Tana baya, cikin tarkacen ƙarfe. Sha biyu motar kwasa ke zuwa."

Ermes ya dubi agogo, saura minti ashirin. Ya cire rigar aikin ya wurga ta a kan kujerar da aka rubuta sunansa.

"Maestro, don Allah! Sha biyu da rabi za a kira ku. Sunanku na jikin takardar gayyata."

"Ku auna ni da na'urar, ku kwafa, ku tsayar da biyu."

Ya sami ƙofar a bayan ginin, ƙarƙashin tsofaffin bututun hayaƙi, an cire mata gilashi da mariƙi, saura fatar alminiyam kawai. Ya juya ta. Ga ɗigo uku a kusurwar ciki, alamar da Ivo ke bugawa da ƙusa idan ya gama aiki. Direban motar kwasa ya leƙo yana cewa, "Kaka, wannan kayan kamfani ne fa." Ermes ya yi masa kallo ɗaya, mutumin ya mayar da kansa ciki.

Ba ta da nauyi sosai, amma shekara tamanin da huɗu ba wasa ba ne. Sau huɗu ya huta kafin ya kai tashar bas. Direban bas ɗin ya buɗe baki zai yi magana, sai wata tsohuwa ta ce, "Bar shi ya shigo mana, ba ka ga ƙofarsa ya zo da ita ba?" Aka yi dariya, ban da Ermes.

Nerina, matar Ivo, na murza taliya a kicin lokacin da ya buga ƙararrawa. Ta buɗe, hannu duk gari, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ba yau ne bikinka ba? An ce har a talabijin za a nuna ka."

"Matsa in wuce, kafaɗata za ta cire."

Ya jingina ƙofar da bangon zaure yana haki. Nerina ta goge hannu a jikin riga, ta sunkuya, ta ga ɗigo ukun. Sannan ta tsaya ta gefen ciki, ta lanƙwasa hannu, ta sa gwiwar a cikin kumburin. Gwiwar ta zauna daram.

"Shekara sittin kana cewa karkatacciya ce, Ermes."

"Har gobe karkatacciya ce," ya ce, yana lalube aljihu neman hankici. "Ina ya ajiye ƙusoshinsa? A wane bango za mu rataye ta?"