Zaren da Surajo Ya Kawo

Duk garin Yako ba wanda ya taɓa jin sunan Surajo a bakin Balaraba. Ɗanta na fari ne, "yaron nan" take cewa. Ko ranar da ya dawo daga karatu a Turai, tukunya take kallo ta amsa gaisuwarsa.

Da yake ita mai kaɗi ce, tsarabarta zare ya kawo, amma na gilashi, siriri kamar gashin wutsiyar doki, an naɗe shi sako-sako da faɗin faifai. Ya ajiye baki ɗaya a rana, ya ja ɗayan cikin ɗakinta, sai ga ɗigon haske a duhu.

"Iya, har magana tana bi ta ciki. Amma in aka cika masa haske sai gilashin ya ɗau rawa, ya yi ƙarar da kunne ba ya ji, hasken ya watse, wani sashensa ya koma inda ya fito. Maganin wannan nake nema."

Gwaggonsa Delu ta kwashe da dariya. "Kai, ɗan nan! Kaɗi ka je koyo har Turai, ga uwarka a gida?"

Balaraba ta so ta tsaya ta ji sauran. Amma uwa ta zauna tana sauraron ɗan fari a gaban mutane? Ta miƙe ta koma murhu, ta bar shi yana yi wa Delu bayani.

A hanyarsa ta komawa mota ta kife da su bayan Kwanar Dangora.

Ba ta yi kuka a zaman makoki ba. Ta dai riƙe a ranta wanda ya zo da ƙafarsa da wanda ya aiko. Amma kullum da hantsi sai ta sako labule, ta miƙa bakin zaren waje, ta zauna da ɗigon nan a tafin hannunta. Nan take kukanta, ba mai gani.

Ran nan akuya ta taka zaren. Hankalinta ya tashi, ta ce za ta adana shi yadda take adana zarenta mai kyau. Ta ɗauko mazari, ta shafa alli a yatsu, ta naɗa tana matsewa. Ta ji ƙas, ta ji ƙas, ta ɗauka kwanciya yake yi.

Washegari ta kwance, sai guntaye.

Delu ta leƙo, ta dafe ƙirji. "Wayyo Yaya! Ai ya ce kada a lanƙwasa shi sosai. Kin tashi lokacin."

"Ke kuma kika zauna da maganar a cikinki?"

"Na zaci kin ji daga murhu."

Balaraba ta tsince guntayen. Mafi tsayi bai kai kamu ɗaya ba. Haske yana bi har yanzu, amma ba zai kai ɗaki ba. Ta fito tsakar gida, mata na daka, ta zauna a rana da shi a hannu, ta fashe da kuka. Masu daka suka ajiye taɓare.