Hayewa ta Uku

"George, sake juyawa!" Mama Celina ta buga jikin bas ɗin da tafin hannu.

Direban ya waiwayo. "Haba Mama, sau biyu ke nan muna haye gadar nan muna dawowa. Wani abu kuka yar?"

Matan zumunta goma sha biyu suka tuntsire da dariya, ban da Celina. Tun rikicin shekarar dubu biyu, ranar da ta gudo daga ƙetaren kogi da 'ya'ya uku babu ubansu, ba ta ƙara taka gadar ba sai yau. Ga shi an tura jikarta Debby rubuta jarrabawar shiga jami'a a can jibi, yarinya ta ce ta fasa, ba za ta haye gadar ba. Yarinyar da ko hayaƙin rikicin ba ta shaƙa ba!

Dakta Emma, likitan ƙwaƙwalwa, shi ya yi musu bayani a cocinsu na Sabon Tasha. Ya ce akwai wani ɗan wuri a cikin kai, bai fi gyaɗa ba, aikinsa gadi. Yaro kan koyi tsoro daga yadda babba ke matse masa hannu. Maigadin nan kuwa ba ya jin lallashi, sai jiki ya je wurin tare da mutanen da ya yarda da su, ya dawo lafiya, ya sake zuwa.

Celina ta ji kunya har cikin ranta, don ta san hannun da ya yi matsar. Shi ya sa ta tara mata, suka ɗauki shatar mota.

A hayewar farko Debby ta yi amai a leda. A ta biyu ta kifa kai a cinya. Yanzu da ƙarafan gadar suka sake bayyana, Mama Vicky, ɗaya daga cikin matan, ta fara kaɗa tulu, mata suka ɗauki waƙa. Celina ta duba ƙasa, sai ga faratanta a nutse cikin hannun yarinyar. Kai, ashe har yanzu! Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye tafinta a buɗe.

A tsakiyar gada Debby ta ɗago kai, ta leƙa ta taga.

"Kaka, ashe wanki ake yi a ƙasa."

"Wanki ne, 'yata."

Da suka isa ƙetare George ya kama sitiyari zai juya. Debby ta nuna mai gasa masara a bakin titi.

"Oga George, tsaya. Yunwa nake ji."

Waƙa ta tsaya cak. Celina ce ta fara sauka.