Ki Riƙe Min Abba

Tun daga Gaithersburg Khalil yake waya, har suka hau babban titin Beltway bai ajiye ba. Matarsa Tayyiba ce ke tuƙi, don ya ce yau hankalinsa ba ya kan tuƙi. A kujerar baya akwai Becky, maƙwabciyarsu 'yar Jos, wadda suke aikin jinya a asibiti ɗaya da Tayyiba.

"Ai tun tana 'yar mitsitsiya na gane," in ji Khalil, yana gaya wa wani abokinsa da ke Kano. "Na kalli hannun yarinyar nan na ce wa uwarta, wannan 'yar ƙwallon kwando ce. Ni na ɗora ta a hanya."

Tayyiba ta ɗaga ido ta dubi madubi. Becky ta yi sauri ta juya tana kallon taga, tana danne dariya.

Ba haka aka yi ba. A ƙofar garejin su Becky ne Mubina, 'yar Khalil da Tayyiba, ta koyi jifa, a wani kwando da aka kafa wa 'ya'yan Becky maza suka yi watsi da shi. Da Khalil ya ga abin ya fara cin lokacin karatu, sai ya ɗauke ƙwallon ya kulle a but ɗin motarsa, ya ce bai baro Kano ya zo ya zama injiniya a Amurka don 'yarsa ta riƙa tsalle-tsalle a gaban jama'a ba. Tayyiba ce ta sayo wata ta ɓoye a bayan injin wanki. Ita ce take tashi daga diyuti ƙafafunta a kumbure ta kwashi yarinya zuwa atisaye. Ita ta zaga Baltimore da Richmond da wasu garuruwan da ko sunansu ta manta, tana zaman benci har bayanta ya ƙage. Hijabin da Mubina take wasa da shi, wanda ba ya zamewa in tana gudu, ita ta zauna ta ɗinka bayan ta ɓata yadi iri-iri. Duk shekarun nan Khalil bai taɓa leƙa filin wasa ba.

Wata Juma'a ce ta juya shi. An idar da salla, wani likita ɗan Zariya ya nuna masa hoton Mubina a jarida ya ce, "Injiniya, ashe wannan taka ce?" Mutane suka taru suna ba shi hannu. Tun daga ranar Khalil ya zama masanin ƙwallon kwando. Ya sayo allo ya kafa a falo yana zana yadda ya kamata a tsara 'yan wasa, ya haddace sunayen alƙalan wasa, kuma duk wasan da ya je sai an san ya zo.

Ita kuwa Mubina aikinta kawai take yi. Shekararta ta farko a jami'a aka gane hannunta a jifan nesa, wanda ake ba wa maki uku. A ƙarshen ta biyu gwiwarta ta hagu ta samu rauni, aka yi mata aiki, Tayyiba ta ɗauki hutu ta yi jinyarta. A ta uku ta dawo, aka ba ta kyaftin, suka ci kofin rukuninsu, wanda makarantar ba ta taɓa ci ba, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. Yau Asabar ce, wasanta na ƙarshe a filin jami'arsu da ke Virginia, kuma in ta zura jifan nesa guda uku, ta zarce duk wata mace da ta taɓa sa rigar makarantar a yawan irin wannan jifa. Bayan wasa za a kira iyayen masu kammalawa su taka cikin fili tare da 'ya'yansu.

Da safe Mubina ta kira uwarta. Yawanci da Turanci take amsa musu, amma in abu ya dame ta sai ta lalubo Hausarta.

"Ummi, don Allah ki riƙe min Abba. Yau kawai."

Saboda haka da suka yi fakin, Tayyiba ba ta buɗe ƙofa ba sai da ta juyo ta dube shi.

"Abban Mubina, yau ba ihu, ba gyara wa koci aiki, ba magana da alƙali. Tafi kawai."

"Haba Tayyiba, sai ka ce wani yaro."

"Ka yi min alƙawari a gaban Becky."

Ya yi alƙawarin, har da ɗaga hannu.

Zauren ya cika. Ɗalibai sun shafa fenti a fuska, 'yan badujala na ta busa. Suka samu wurinsu kusa da fili, Tayyiba a tsakiya, jakarta a kan cinya. Da aka fara, Khalil ya zauna kamar mai jiran liman ya hau mumbari. Mubina ta karɓi ƙwallo a kusurwar dama ta saki, ta faɗa kwando ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Saura biyu. Khalil ya yi tafi kawai, ya dubi matarsa don ta shaida.

A zango na biyu alƙaliyar wasa ta busa usur ta ce Mubina ta ture wata. Khalil ya ce, "Kai," ƙasa-ƙasa. Tayyiba ta ɗora hannu a gwiwarsa. Ba a jima ba aka sake busa wa Mubina, koci ta cire ta ta zaunar a benci don kada laifin ya taru a kore ta daga wasan.

"Wannan zalunci ne," in ji Khalil. "Ko taɓa ta ba ta yi ba. Na ɗauka a waya, ga shi nan."

"To ka ajiye, ka kalla a gida."

"Matar nan ba ta gani ba ne. In ta gani za ta gyara."

"Abban Mubina, zauna."

Ta kamo gefen rigarsa, rigar ta zame. Kafin Becky ta miƙe ya sauka matakala, ya tsallake igiya, ya taka cikin fili da takalminsa na zuwa ofis, waya a ɗage, yana kiran alƙaliyar da "madam" cikin ladabi kamar mai neman a duba masa takarda. Wasa ya tsaya. Zauren ya yi tsit, sannan ɗalibai suka fashe da shewa. Tayyiba ta hango Mubina a benci ta ja tawul ta lulluɓe kanta gaba ɗaya.

Masu gadi biyu suka zo suka sa shi a tsakiya. Har suka kai ƙofa yana yi musu bayani yana nuna musu wayar.

Tayyiba ba ta motsa ba. Kunya ta hana ta ɗaga kai, takaici ya hana ta bin sa. Wata Baturiya da ke bayansu ta dafa ta ta tambaya ko ta san mutumin. Becky ce ta amsa, ta ce maƙwabcinsu ne.

Ba a yi minti biyar ba waya ta fara ruri a jaka.

"Sun ce ba zan koma ba," in ji Khalil. "Wai doka ce. Nawa da nawa?"

Ta gaya masa ta kashe. Ya sake kira: an mayar da Mubina fili? Ba a mayar ba. Ya sake kira: ta je ta gaya wa koci a mayar da ita. Tayyiba ta katse kiran. Sai wayar Becky ta fara ruri. Becky ta saurara, ta ce, "To, Injiniya," ta miƙo mata.

"Ki ce masa na mutu," in ji Tayyiba.

"Ta ce tana gaishe ka," in ji Becky, ta kashe wayarta gaba ɗaya.

Bayan hutun rabin lokaci Mubina ta dawo. Fuskarta a ɗaure take, ba ta dubi wajen 'yan kallo ba ko sau ɗaya. Ta jefa ta kuskure, ta sake ta kuskure. Tayyiba ta san wannan tafiyar, ta san yadda yarinyar take cije leɓe in ranta ya ɓaci, tun tana firamare. Ta shiga karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Can wajen ƙarshen zango na uku ƙwallo ta shiga. Saura ɗaya. Jama'a suka miƙe tsaye, ba wanda ya sake zama.

Zango na huɗu ya yi nisa, abokan karawa sun sa mutum biyu suna bin Mubina duk inda ta sa ƙafa. Wayar Tayyiba ta sake ɗaukar ruri. Ta ƙyale ta. Ta katse, ta sake. Mutumin da ke gabansu ya waiwayo ya harare ta. Sai kuma wani tunani ya zo mata: mutum mai hawan jini, a waje cikin sanyin Fabrairu, ko jaket bai ɗauka ba, ga ɓacin rai. In wani abu ne ya same shi fa? Ta sunkuya ta zuge jaka. Wayar ta shige can ƙasa, ƙarƙashin mukullai da katin asibiti da robar magani. Ta lalubo ta ta kara a kunne.

"Lafiya?"

"Ki duba, ki duba, sun bar ta ita kaɗai, yanzu za ta..."

Zauren ya ɗauka gaba ɗaya, har benci na girgiza. Tayyiba ta ɗago. Ƙwallo tana tsalle a ƙasa ƙarƙashin kwando, 'yan wasa sun rufe Mubina, Becky ta rungume Tayyiba tana kuka.

"Kin gani? Maman Mubina, kin gani?"

Ba ta gani ba. A kunnenta Khalil yana ta hamdala. Ashe wani mai gadi ne ya tausaya masa ya bar shi ya tsaya a harabar shiga, inda aka kafa ƙatuwar talabijin. Ya ga komai, har da maimaici.

Tayyiba ta zauna a hankali, ita kaɗai a cikin dubban mutanen da ke tsaye. Ta kashe wayar ta mayar jaka, ta zuge zif ɗin har ƙarshe.

Su Mubina ne suka ci wasan. Da aka zo kiran iyaye, wata ma'aikaciya ta tambaye ta ko ita kaɗai ce. Tayyiba ta kamo hannun Becky ta ce su biyu ne. Suka sa Mubina a tsakiya suka taka har tsakiyar fili, mai sanarwa yana jero abin da ta yi a shekara huɗu, koci ta miƙa mata ƙwallon da ta kafa tarihin da ita. Mubina, jiƙe da gumi, ta sunkuyo daidai kunnen uwarta.

"Ummi, kin ga na ƙarshen?"

Tayyiba ta so ta ce e. Ta dubi fuskar yarinyar ta kasa.

"Ban gani ba. Abbanki ya kira ni in duba."

Mubina ta tsaya tana kallonta. Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta durƙusa tana riƙe da ciki, hawaye na zuba, mai ɗaukar hoto yana jira su tsaya.

A harabar suka same shi, ya riga ya yi abota da masu gadin. Mubina ta rungume shi, sannan ta gaya masa da Turanci, a natse, cewa mako mai zuwa za a fara gasar rukuni a Richmond, kuma a gida zai kalla. Ya dubi Tayyiba yana neman agaji. Ta wuce shi ta nufi mota.

Hanyar komawa duk shi ya yi magana. Ya ce niyyarsa alheri ce, Becky ta ce haka ne. Ya ce alƙaliyar ce ba ta da haƙuri, Becky ta ce wataƙila. Da suka kusa gida ya miƙo wayarsa ya ce ga bidiyon jifan, makarantar ta sa a shafinta.

"Tuƙi nake yi," in ji Tayyiba.

Ba ta kalla ba sai washegari, ita kaɗai a kicin, sannan ta ba shi abincin rana ba tare da ta ce masa uffan ba. Sai da aka kwana uku suka koma magana sosai, shi ma don ya cire allon nan daga falo ya kai gareji da kansa.

Ranar Juma'a ita da Becky suka kama hanyar Richmond, aka bar Khalil da talabijin da kular tuwo. Su Mubina sun ci wasan farko, suka faɗi a na biyu da tazarar maki huɗu, a nan wasan Mubina na jami'a ya ƙare. Tayyiba ta kalli kowane jifa, wanda ya shiga da wanda bai shiga ba. Da aka tashi ta jira 'yarta a bakin ɗakin canza kaya, ta karɓi jakarta ta rataya, suka tafi neman inda za su ci abinci.