Sarminah a Inci Hamsin

A shekarun da ake yayin talabijin ɗin filasma a garin Pekalongan, duk layinmu babu wanda ya zaci Pak Wagimin, wato Baba Wagimin, shi ne zai fara shigo da ita. Mutum ne da ya shekara talatin yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta, ya yi ritaya da rediyo ɗaya da keke ɗaya, ganyen shayi kuwa sai ya jiƙa shi sau uku kafin ya yarda ya zubar. Sai ga shi wata ranar Laraba da hantsi a cikin keken haya mai ƙafa uku, ya rungumo wani baƙin gilashi da ya fi ƙofar banɗakinsa faɗi. Mai keken na bayansa yana taka feda yana leƙe ta gefe, don gilashin ya tare masa hanya.

Wani otal ne a bakin teku ruwa ya kora, aka yi gwanjon kayansa. Rupiya miliyan ɗaya da rabi aka sallama wa Pak Wagimin filasmar, inci hamsin, har da rimot. Mutanen layi suka fito suna ta murna kamar tasu ce, kowa ya riga ya hango inda zai zauna ranar ƙwallo. Allah sarki, ba su san ba don ƙwallo aka sayo ta ba.

Matarsa Sarminah ta kusa shekara uku da rasuwa, saura mako biyu a yi sadakar kwana dubu, wadda daga ita an gama taruwa don mamaci. A daminar da ta rasu ruwan teku ya shigo gidaje har gwiwa, ya jiƙa akwatin hotunansu, suka manne suka zama dunƙule guda. Hoto ɗaya tak ya tsira, shi ma don 'yarsu Rukmini ta taɓa kai shi makarantar da take koyarwa, ta gwada sabuwar na'urar kwafi da shi, kwafin ya zauna a 'yar kwamfutarta, na takardar kuwa ya tafi da sauran. To, ga yanar ido ta fara rufe wa Pak Wagimin gani. In aka buɗe masa hoton, ko ya kai hancinsa jikin kwamfutar, dishi-dishi kawai yake gani. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne fuskar ta fara kuɓuce masa. Muryarta na nan a kunnensa, ƙamshin kakin zana zannuwa da ba ya barin hannunta yana nan, amma in ya rufe ido ya nemi fuskar sai ya rasa. Wannan abu yana ba shi tsoro, yana kuma ba shi kunya.

Ya aika aka kira Kasmuri, yayan Sarminah, tsohon mai gyaran rediyo, wanda tun ranar ɗaurin aure bai daina yi masa tsiya ba.

"Min, banki ka fasa?" in ji Kasmuri tun daga ƙofa, don haka yake gutsure sunan Wagimin. "Ko allon makaranta ka sato?"

"Kang, yayana, shigo ka haɗa mini ita da kwamfuta. Surutun ka bari sai an gama."

"Ƙanwata ta shekara goma tana roƙon fanka, ka ce iskar Allah ta wadatar. Yau ga ka da silima."

Pak Wagimin ya yi kamar bai ji ba, amma maganar ta shige shi.

Kasmuri ya zaro wata waya mai shuɗin kai da kusoshi biyu daga jakarsa, ya durƙusa bayan talabijin yana nishi. Ya ɗaura nan, ya ɗaura can, ya hure ramin, ya sake ɗaurawa. Babu abin da ya fito sai wasu kalmomin Turanci biyu da ke yawo a gilashin daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya ce laifin wayar ne. Ya je gida ya ɗauko wata, ya ce laifin otal ne. Har azahar suna abu ɗaya, shayi ya huce a kofi, kowa ya sha kunu.

Rukmini ta dawo daga makaranta ta same su sun haɗa gumi. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta danna maɓalli biyu a tare, gilashin ya yi haske fau. Sai ta wuce kicin ta jona tukunyar shinkafa, ji kake ƙas, wuta ta ɗauke, gidan ya yi tsit. Mitar gidan irin ta talakawa ce, ƙarama, ba ta iya ɗaukar filasma da tukunya da firji a lokaci guda.

"To, Min, zaɓi ya rage naka," in ji Kasmuri. "Ko tuwon ciki ko na ido."

"Cire tukunyar, Nduk," Pak Wagimin ya ce wa 'yarsa, da sunan lele da ake kiran 'ya mace da shi. "Firjin ma cire shi."

Aka ɗaga mita, aka sake kunnawa. Hoton ya fito ya cika gilashin, sai dai ya baje ta gefe, Sarminah ta zama wata ƙatuwar mata mai kumatu. Kasmuri ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Wallahi ƙanwata ba ta taɓa yin wannan ƙibar a gidanka ba. Ashe sai da ta bar hannunka ta murmure."

Rukmini ta yi 'yan danne-danne, hoton ya tsuke ya koma daidai, baƙi ya tsaya dama da hagu. Dariyar Kasmuri ta yanke. Ga Sarminah tana 'yar shekara talatin, tsaye gaban igiyar shanya, zannuwan da ta zana suna lilo a bayanta, ta ɗan karkata kai don rana, tana dariya wushiryarta a waje. Kanta ya kai girman faifai. Pak Wagimin ya tako a hankali har ya ji ɗumin gilashin a fuskarsa, don filasma zafi gare ta kamar gefen murhu. Ya ga ƙaramin tabon da ke haɓarta, wanda ya manta da shi ɗungurungum. Ya tsaya nan yana kuka, bai ko ɓoye ba, su kuma suka fita tsakar gida suka ba shi wuri.

Ranar sadaka maza suka cika tabarmi, aka karanta Yasin, aka yi tahlili, Sarminah na kallonsu daga bango. Liman ya ɗan harari gilashin, ya gyara zama ya ba shi baya. A maƙwabta aka dafa shinkafar da kowa ya tafi da ita gida a kwando, saboda mitar. Tsofaffin matan da suka yi zanen kaki tare da ita suka leƙo daga baya suna cewa, "Kai, Minah ce sak! Kun tuna wannan igiyar?" Aka yi ta hirar lokacin da kogi yake canza launi gwargwadon rinin da aka yi a ranar, da lokacin da teku take can nesa, sai an hau keke a je ganinta.

An gama sadaka, amma Pak Wagimin bai gama ba. Kullum bayan asuba zai cire firji, ya kunna kwamfuta da filasma, ya ja kujera ya sha shayinsa a gabanta, hoto ɗaya tilo har magariba. Rukmini ta haƙura da kwamfutar ta bar masa, ta koma dafa shinkafa a risho. Takan ce, "Pak, ranar Asabar zan kai hoton a wanke mana babba." Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Wata biyu aka yi a haka, ga zafi, ga iskar gishiri, ga wuta da ke ɗaukewa duk sanda aka manta aka jona dutsen guga.

Wata safiya kwamfutar ta yi wani ƙara, ƙat-ƙat-ƙat, ta mutu. Rukmini ta zaga da ita shago uku, kowa ya buɗe sai ya girgiza kai, ya ce abin da ke ciki ya tafi. Ta dawo ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka tana cewa laifinta ne. Ya ce, "Tashi, Nduk, ni na kashe ta da kallo." Kwana uku bai shiga falon ba.

A rana ta huɗu Rukmini ta kunna filasmar don ta ga labarai, eriya ba ta jone, gilashin ya tsaya fari-fari, launin toka. Ta ƙwala kira. A tsakiyar tokar akwai inuwa, siririya kamar tabon ruwa a bango: karkatar kai, layin igiya, da ɗan duhun wushirya. Ta ɗauka da wayarta sau goma, babu abin da ya fito sai toka da hasken taga.

Kasmuri ya zo ya duba ya ce, "Ai halin filasma ke nan, in hoto ɗaya ya daɗe a kanta sai ya kama gilashin. Ba wani abu ba ne. A saka mata abu mai motsi, ƙwallo ko wasan kwaikwayo, a hankali zai goge, ta koma sabuwa." Sai da ya rufe baki sannan ya ji abin da ya faɗa.

Ranar Lahadi da la'asar aka yi wasan ƙwallon ƙasarmu da Malesiya. Wata biyu mutanen layi suna kawaici saboda makoki, yanzu sun ji kwamfuta ta mutu, sai ga su da tabarmi da gyaɗa da soyayyar ayaba, wani har ya ɗauko eriyar gidansa a kafaɗa. Pak Wagimin, wanda bai taɓa hana maƙwabci ko gishiri ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙyaure da hannu biyu.

"Ku yi haƙuri, ba ta yi."

"Haba Pak, ga ta can a kunne muna gani!"

"Na ce ba ta yi."

Suka juya suna gunaguni, wani ya ce tsufa ne, wani ya ce rowa ce ta asali. Suka tafi teburin mai shayi suka yi cincirindo a kan 'yar talabijin mai inci goma sha huɗu. Kasmuri, da bai taɓa barin wasan ƙasa ya wuce shi ba, ya bi su har bakin layi, sannan ya dawo. Ya tarar da mijin ƙanwar tasa a tsaye, hancinsa kusan a jikin gilashi, yana matsawa dama yana matsawa hagu, yana goge ido da gefen zaninsa. Inuwar ta yi wa idon nan siranta.

Kasmuri ya ja kujera ya zauna. Can daga wajen mai shayi aka ɗauki ihu, an ci ko an kusa ci, babu wanda ya waiwaya a cikinsu.

"Kang," in ji Pak Wagimin, muryarsa ƙasa-ƙasa, "tana nan?"

"Tana nan, Min."

"Ta ina?"

Kasmuri ya tashi ya kama hannunsa, ya ɗora yatsansa a kan gilashin mai ɗumi, ya fara ja a hankali.

"Nan goshi ne. Nan kunne. Sauko. To, tsaya nan, dariyar ke nan."